Shari'ar Kan Waya Mai Ruwan Zinariya

A gidanmu kowa mahauci ne, ban da ni. Fawa ce ta kawo kakanmu Garuwa, babanmu a kan gungumen sara ya tsufa, yayana ya gaje shi. Ni kuwa aka tura ni lakwal, makarantar boko, don ganin jini yana sa ni jiri. Na ƙare ina koyar da ilimin lantarki a lise, wato sakandare, abin da dangi suka ɗauka a matsayin wata irin lalura wadda ba ta kisa, ba ta kuma warkewa. Ba a neman shawarata a kan sa, ba a nemanta a kan aure. Sai in wani ya sayi firij yana son a tabbatar masa ya yi dace, sannan a tuna akwai ɗan boko a gida.

Yayana, bayan shanu, ba abin da yake so irin kayan sautinsa. A falonsa na unguwar Poumpoumré akwai amfili, na'urar ƙara sauti, baƙi mai nauyin ɗan maraƙi, da na'urar kaset a kansa, da dogayen sifikoki biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, tsaye kamar masu gadi. Duk wannan ɗawainiya kuwa saboda kaset ɗaya ce. An ɗauke ta wata ranar salla, babanmu yana raye, makaɗan kalangu suna kaɗa masa takensa. Kalangu gangar mahauta ce. Kowane babban mahauci yana da nasa take, gangar tana faɗinsa da hawa da saukar murya, wanda ya tashi a cikin sana'ar yana jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar da baki ake furta su. Duk Juma'a, in an sauko daga masallaci, Yaya zai zauna a kujerarsa ya saurari taken nan, ba mai shiga falon sai an gama. Na sha ba shi shawara a kwafe kiɗan a wayar hannu. Ya ce babanmu ba zai shiga aljihun kowa ba.

Mai kula da kayan wani mutumin Mokolo ne, Kirista, wanda ya sauko daga duwatsu tun yana saurayi ya buɗe shagon gyaran rediyo a bayan rumfunan nama. Hausarsa ta fi ta ɗalibaina tsabta. Yaya ne ya fara kai masa aiki, ya tsaya masa a wurin mai ba da hayar shagon, sauran mahauta da dillalan shanu suka bi sahu, har ya zama kusan duk abincinsa daga layinmu yake fitowa. Yaya yana kiransa Ɗan Dutse, shi yana kiran Yaya Alhaji. Shi ne ya sayar wa Yaya wayoyin da suka haɗa na'urar kaset da amfili, masu kawuna biyu a kowane gefe, ja na dama, fari na hagu, bakinsu yana walƙiya da ruwan zinariya. Ina wurin ranar cinikin. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Alhaji, sauti kamar ruwan sha ne. In ya bi ta bututun ƙarfe, sai ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Ta zinariya kuwa, yadda ya fito haka zai iso." Na yaba wa jimlar a zuciyata, don da ɗalibina ne ya rubuta ta, da na ba shi maki a adabi na hana shi a kimiyya.

Abin da na sani a kan wannan batu ba shi da yawa, kuma ba shi da daɗin talla. Kan waya aikinsa ɗaya ne: ya kama gam, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. In ya saki, ko ya yi tsatsa, za ka ji ƙara, ko gurnani, ko sifika ɗaya ta yi shiru. A nan ƙirarsa take da amfani, a nan kuma ruwan zinariya yake cin abincinsa, don ba ya tsatsa, mu kuwa a bakin kogin Binuwai damina ba ta barin ƙarfe lafiya. Amma in kawuna biyu duk suna da tsabta, duk sun kama, lantarki ba ya tsayawa ya duba launinsu. Na karanta mujallun Turawa da suka yi shekaru suna faɗa a kan wannan, wani ya ce ya ji sauti ya yi zurfi, wani ya ce ya ji ya yi faɗi, duk cikinsu kuwa ba wanda yake son a rufe masa ido kafin ya ji.

Wata damina aka yi tsawa, wuta ta yi tsalle, amfilin ya ƙone wani abu a ciki. Aka ɗauke shi har da wayoyinsa aka kai shago. Ya dawo yana aiki. Ranar Juma'a da yamma aka aiko in je, Yaya yana nemana.

Na same shi a tsaye, ba a kujera ba, da farin kan wayar a tafin hannunsa kamar wanda ya ciro ƙaya daga kofato.

"Malam, zo ka duba mini wannan."

In Yaya ya kira ni Malam, to ba darasi yake so ba, hatimi yake so. Na karɓa na duba. Zinariyar ta goge a gefen baki, farin ƙarfe ya leƙo.

"Ya sha aiki, Yaya."

"Ya sha aiki? An musanya shi. Nawa ba haka yake ba. Gangar ta daina magana. Ina jin dum-dum kamar ana dukan tulu, amma bakin babu. Taken Baba ne, tun ina goye nake jinsa. Yau na zauna ban tsinci kalma ɗaya ba." Ya karɓe kan wayar daga hannuna. "Ya cire nawa ya sayar, ya sa mini jabu. Ni zai yi wa haka, ni da na zaunar da shi a layin nan?"

Na ce ya kunna in ji. Ya kunna. Kalangu ya cika falon tas, har tsinin makaɗi a kan fata ana ji, taken babanmu yana fita kalma bayan kalma. Yaya yana kallon fuskata.

"Ka ji ko?"

"Na ji."

"To. Ranar Lahadi in an tashi kasuwa, zan faɗa a rumfa a gaban kowa. Kai kuma za ka tsaya ka yi musu bayani da karatunka, yadda jabu yake ɓata sauti."

Wanda bai san layinmu ba zai ce ai maganar waya ce. Amma in Yaya ya ce wa mutum ɓarawo a rumfar mahauta, ba a kai shi kotu, ba a taɓa shi. Washegari kawai ba wanda zai kai masa rediyo. Mai ba shi hayar shago zai tuna yana da ɗan'uwa mai neman wuri. Mutumin da ba danginsa a garin, wanda sunansa kaɗai ne jarinsa, kafin kaka sai ya ɗaure kayansa a bayan mota ya hau hanyar Mokolo, da mata da 'ya'yan da ba su taɓa riƙe fartanya ba.

Ni kuwa na san inda gangar ta ɓace, kuma ba a bayan amfili ba ne. Na daɗe ina ganin Yaya yana karkata kai in ana magana, yana miƙa gefen dama. In aka kira shi ta hagu, sai a kira a sake. Matarsa ta taɓa tare ni a tsakar gida ta ce, murya ƙasa-ƙasa, wani ɗan babur ya kusa kwashe shi a bakin mayanka, yana ta ƙaho, shi bai ko waiga ba. Shekarun da ya yi kusa da injin zarton ƙashi sun karɓi hakkinsu. Watannin da amfilin ya yi kafin ya ƙone, a hankali abin yake zamewa, bai lura ba. Da aka ɗauke kayan aka dawo da su, sai ya saurara da sabon kunne, ya tarar babu sabon kunne.

Sai dai ƙane ba ya ce wa wa, kunnenka ya mutu. A gidanmu ba a yi, a gidajen Fulanin da muke zaune cikinsu ma abin ya fi tsanani. Kuma ga mai sayen shanu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ciniki a kara, kasuwar shanu, rabinsa raɗa ne. Ranar da dillalai suka san akwai gefen da za su tsaya su yi ƙus-ƙus ba ya ji, daga ranar ya zama saniyar tatsa.

Da safe na biya shagon. Mai gyaran ya riga ya ji, don a kasuwa labari ba ya jiran Lahadi. Yana zaune da ƙarfen narka dalma a hannu, ba ya narka komai.

"Furofesa, na rantse da Allahn da ya yi ni da ku, ban taɓa wayarsa ba. Yadda ta zo haka ta koma."

"Na sani."

"To ka gaya masa mana!"

"In gaya masa me? Kai ma kana da baki. Je ka ce masa, Alhaji, zinariya da dalma duk ɗaya ne a kunne, ko da an musanya ba za ka ji ba."

Ya ajiye ƙarfen. Ya duba katangar shagonsa, inda fakitin wayoyi masu ruwan zinariya suke rataye jere, ya dawo da ido kaina.

"In na faɗi haka, na tsira daga satar yau na faɗa ta shekarun baya. Rabin layin nan na sayar musu."

"Baki shi ke yanka wuya."

"Furofesa, ba karin magana na rasa ba."

Gaskiyarsa. Mu biyu muka zauna, kowa da gaskiyar da ba zai iya furtawa ba, wani rediyon da aka kawo gyara yana ta shaƙewa a kan tebur. A nan dabarar ta zo mini, irin dabarar da take zuwa wa malamin makaranta kaɗai: a yi gwaji. A kawo sabuwar waya irin ta Yaya, a fasa fakitinta a gabansa. A rufe bayan amfili da bargo. In riƙa sauya wayoyin biyu a ɓoye, shi yana faɗin wadda ke ciki. In kunnensa ya raba su, to an musanya. In bai raba ba, magana ta mutu, ba wanda ya ambaci kunnen kowa.

Na kai wa Yaya. Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.

"Jarrabawa za ka yi mini?"

"Gani ya kori ji, Yaya. Mutane su gani da idonsu, kada a ce ka zalunce shi."

"Sau nawa?"

Na ce sau goma, ko fiye, don lissafi ya zauna.

"Sau uku. Shari'a ce, ba lakwal ba. Gobe bayan la'asar, a nan falon. Zan kira manyan rumfa."

Na fito ina lissafin da nake koya wa yara a shekarar ƙarshe. Mutumin da ba ya jin komai, in yana cankar abu biyu sau uku, rabin lokaci zai ci biyu ko fiye. Wato na ɗauki shagon bawan Allah na ɗora a kan jefa kwabo, na kuma kira abin kimiyya.

Daga nan bakin kogi na nufa. Akwai wani tsohon masunci da ya san babanmu, ya kuma san Yaya tun bai iya riƙe wuƙa ba. Tsakanin mahauta da masunta akwai wasa tun kaka da kakanni. Masunci zai iya tsayawa a tsakiyar kasuwa ya ce wa sarkin fawa mai sayar da mushe, a yi dariya a watse, shi kuma a ce masa mai ƙarni, ɗan ruwa marar gari. Abin da ɗa ba zai faɗa ba, da wanda mata ba za ta faɗa ba, shi yana da izinin faɗa. Na same shi yana ɗinkin koma a inuwar jirginsa, na zayyana masa komai.

Bai ɗaga kai ba. "Wato ka zo aron bakina."

"Haka ne, Baba."

"Ɗan boko, ba ka san wasa ba. Abin da ya sa ake barina in faɗa, shi ne ba dole a yarda da ni ba. In na ce masa kurma, zai ce mini mai ƙarni, a yi dariya, a kori Ɗan Dutse." Ya ciji zare. "Zan zo, don an ce akwai shayi. Amma kada ka jingina da ni."

Ranar Lahadi aka yi zafi irin na bayan ruwa, wanda riga take manne wa baya. Manyan rumfa suka zauna a kan darduma, suna ta gaisuwar Fulatanci, jam na, jam koo ɗume, da wani dillali Bafulatani da ya biyo su. Masuncin ya zaɓi bakin ƙofa, ya ce kada warin jini ya kama masa riga. Mai gyaran ya zo da rigar cocinsa, ya tsaya a jikin bango. Ba wanda ya ce masa zauna. Yaya ya hau kujerarsa, wadda, na lura a ranar, ta matsa sosai wajen sifikar dama. Aka fasa sabon fakiti, aka zagaya da wayoyin biyu kowa ya taɓa. Na durƙusa a bayan amfili, aka lulluɓe ni da bargo har kafaɗa.

Na fara da sabuwar. Kalangu ya tashi. Aka bar shi ya faɗi take ya maimaita.

"Wannan ta gaskiya ce," in ji Yaya.

"Ƙwarai," in ji darduma baki ɗaya. "Ai a bayyane take."

Na ɗaga bargo. Sabuwar ce. Aka yi kabbara ƙasa-ƙasa.

A nan na ga rami na biyu da na haƙa. A ajina, in na yi gwaji, kowane yaro da nasa kunne. A falon nan kunne ɗaya ne, kuma shi ne wanda ya mutu. Ba mai sauraron ganga a cikinsu, fuskar Yaya suke saurare. In ya ɗaure gira su ɗaure, in ya gyaɗa kai su gyaɗa. Ba munafunci ba ne, tarbiyya ce, ni ma da ita aka raine ni.

Karo na biyu na sa tsohuwar. Yaya ya saurara, ya taɓe baki.

"Jabu."

"Jabu ce, wallahi. Ji yadda ta dushe."

Na ɗaga bargo. Tsohuwar ce. Wani daga cikin manyan ya juya ya dubi mai gyaran daga sama har ƙasa, irin duban da ake yi wa dabbar da aka gama cinikinta. Mutumin bai motsa ba. Na so in tashi in yi musu bayanin kwabo da fuskokinsa biyu. Na dubi mutanen, na haɗiye darasin.

"Biyu cikin uku," in ji Yaya. "A bar shi haka?"

"Uku ka ce, Yaya."

"To ƙarasa."

Na koma cikin bargo, zufa tana shiga mini ido. Na san abin da yake tsammani: sabuwa, tsohuwa, sai sabuwa. Don haka na zare tsohuwar da ƙara, yadda za a ji, na jinkirta, na sake mayar da ita. Jan kai ya shiga ya kama. Farin kuwa, wanda Yaya ya kwana biyu yana zarewa yana nuna wa duk wanda ya shigo, bakinsa ya buɗe, ba ya riƙo. Na tura shi, na danna kaset, ina janye hannu nauyin wayar ya ja shi ya zame.

Sifikar hagu ta mutu. Ba abin da ke fita daga cikinta sai wani siririn huci. Rabin falon ya zama fanko, kiɗan ya koma lungu guda kamar makaɗan sun juya mana baya. Ko jariri zai ji. Na ga kawunan da ke kan darduma sun juya hagu tare, sun dawo tare. Na kai hannu zan gyara, sai muryar Yaya ta riga ni.

"Yawwa! Wannan ita ce. Ku ji yadda ta buɗe!"

Ba wanda ya ce ƙwarai.

Kalangu yana ta faɗin sunan babanmu ta gefe ɗaya. Dillalin ya sa ido a kan yatsun ƙafarsa. Wani ya fara jan carbi. Na dubi bakin ƙofa, masuncin yana hura shayinsa kamar an biya shi ya hura. Yaya ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, yana neman amin ɗin da bai taɓa rasawa ba, murmushinsa yana raguwa.

"Me ya faru? Malam, ɗaga mana."

Zan iya tura kan wayar da ɗan yatsa kafin in ɗaga, ba wanda zai tona. Sai a ce ya ci biyu ya faɗi ɗaya, a rufe zancen sifika, a rufe shago. Na dubi mutumin da ke jikin bango. Bai roƙe ni da ido ba ma, ƙasa yake kallo.

Na janye bargon gaba ɗaya, na bar komai yadda yake.

"Tsohuwar ce, Yaya. Kuma farin ya zame. Tun da aka fara, ta hagu ba ta magana."

Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta haka ba. Yaya ya dube ni. Ya tashi, ya taka zuwa sifikar hagu, mutane suna janye ƙafafu. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙyallen gabanta, yadda yake ɗora shi a haƙarƙarin sa in yana son sanin abin da ke ƙarƙashin fata. Ba motsi.

"Mayar," ya ce, bai juyo ba.

Na matse bakin kan wayar da yatsu, na tura. Sifikar ta farka a ƙarƙashin hannunsa, har hannun rigarsa yana rawa. Ya sunkuya ya kai kunnen hagu dab da ita. Ya tsaya. Ya juya ya kai na dama. Ya sake kai na hagu. Duk falon muna kallon bayan mutumin da yake yi wa kansa gwajin da ban isa in yi masa ba. Kaset ta kai ƙarshe, ta yi ƙas ta tsaya, shi bai ɗago ba.

Sai masuncin ya kurɓi shayi da ƙara.

"Kai, ɗan fawa! Na daɗe ina gaya maka ku bar sana'ar ihu. Sa ya yi kuka, zarto ya yi kuka, ku ma ku yi kuka. Ga shi ka yanka kunnenka ɗaya ka sayar ba ka sani ba. Mu kifi ko ana cire masa ciki ba ya ɗaga murya, shi ya sa har yau ina jin tafiyar tururuwa."

Ba wanda ya yi dariya. Ana jira. In Yaya ya yi fushi, to maganar ta zama zagi, kuma sai an nemo wanda zai biya. Ya ɗago a hankali, ya juyo, fuskarsa kamar an shafe ta da toka.

"Da wanne na ji ka yanzu, mai ƙarni?"

"Da wanda ya rage."

"To shi ma da ya mutu, da na huta da kai." Ya ja numfashi. "Allah dai ya bar mini hanci, ga shi tun da ka shigo nake shan azaba."

Sannan aka yi dariya, mai yawa, fiye da yadda maganar ta cancanta, irin ta mutanen da aka sauke wa kaya. A cikin hayaniyar Yaya ya koma kujerarsa, ya dubi bango.

"Ɗan Dutse, tsayuwar me kake yi kamar ka zo karɓar gawa? A ba shi wuri. A zuba masa shayi."

Bai ce yi haƙuri ba. Ban taɓa jin ya ce wa kowa ba, ban kuma sa rai ba. Ni ko kallona bai sake yi ba har aka watse. Da na je yi masa sallama, ya miƙo mini yatsu biyu maimakon hannu.

Washegari da hantsi, lokacin da layin ya fi cika, Yaya ya bar rumfarsa a hannun yaransa, ya zagaya baya, ya zauna a kan bencin shagon gyara. Bai kawo aiki ba. Ya sa aka sayo ƙosai, ya ci a takarda ɗaya da mai gyaran, ya sha ruwa a kofinsa, yana amsa gaisuwar duk mai wucewa da suna. Ya zauna har rana ta take. A layinmu, wannan ya fi takardar kotu. Duk da haka akwai mutum biyu ko uku da ba su sake kai aiki can ba, don zargi kamar jini ne a farar riga, ko an wanke sai mai neman tabo ya gani. Shagon dai yana nan. Manyan rumfa kuma, iyakar sanina, ba wanda ya fitar da abin da ya gani a falo. Dillalin ne ban iya rantsuwa a kansa.

Makonni suka wuce Yaya bai aiko nemana ba. In mun haɗu a masallaci, gaisuwa ce ta maƙwabta. Na fara sabawa da zaman wanda aka yafe wa rabi.

Wata ranar Asabar ina jiran babur a bakin titi, motarsa ta tsaya a gabana. Ya ce in shigo. Muka yi tafiya mai nisa, yana tuƙi yana kallon gaba, har muka wuce kwanar gidana bai tsaya ba.

"Likitan kunnen nan da ake faɗa," ya ce, "an ce ka koyar da shi."

"Na koyar da shi."

"Yana da ƙoƙari?"

"Ya fi ni."

"Wannan ba shaida ba ce." Ya kauce wa wani rami. "Yana da surutu?"

"Ko a aji sai an matsa masa yake magana."

Ya gyaɗa kai. Muka ƙara tafiya kaɗan.

"Ka gaya masa zan zo ranar da ba yanka da yawa. Kuma ta ƙofar baya."